Rio Ferdinand: me Manchester United ta saya da fam miliyan 30?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A gidan kallonmu manya kullum suna cewa Rio Ferdinand yana cikin manyan ’yan bayan da Ingila ta taɓa yi. Ni ban riske shi sosai ba, sai gajerun bidiyo a waya, kuma gaskiya ba na ganin wani abin a zo a gani. Ba ya zamiya, ba ya fasa kai kamar Terry ko Vidic, ƙwallayensa ma ba su da yawa. An kuma ce an taɓa kama shi da ƙwaya. Don Allah mene ne gaskiyar tarihinsa, kuma ya cancanci kuɗin da United ta zuba a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan’uwa, ya cancanci kuɗin, har da riba. Amma tunda ka kawo maganar bidiyo bari mu fara daga nan, don a nan matasa da yawa ke yi wa ’yan baya gurguwar fahimta.

Mai haɗa bidiyon minti uku abin da zai sa a yi ihu yake nema: zamiya, karo, goshi da jini, ƙwallon da aka kwashe daga kan layin raga. In ka lura, kusan duk waɗannan aikin ceto ne, ɓarna ta riga ta faru ana ƙoƙarin gyarawa. Ɗan bayan da ka ga ya kwanta yana zamiya, daƙiƙa biyu kafin nan ko shi ko abokinsa wani ya tsaya inda bai kamata ba. Shi Ferdinand a cikin daƙiƙa biyun nan yake aikinsa. Zai gane inda mai ƙwallo zai jefa ta tun ba ta bar ƙafarsa ba, ya matsa taku uku, ƙwallo ta zo ta same shi a tsaye, ya kwantar da ita ya miƙa wa Scholes. Mai kallo sai ya ce ai wancan ne ya ɓata fasin. Wasa 504 ya buga a Firimiya, sau ɗaya tak alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati, a gidan Blackburn a 2006, ranar ma a tsakiya aka sa shi.

An haife shi ranar 7 ga Nuwamba 1978, ya tashi a Peckham da ke kudancin Landan, a rukunin gidajen da hukuma ke ba masu ƙaramin ƙarfi. Unguwar nan ce da ’yan Najeriya suka yi wa yawa. Mahaifinsa ɗan tsibirin Saint Lucia ne, mahaifiyarsa kuma tana da jinin Ailan. Yana yaro ya yi wasan tsalle-tsalle, ya kuma yi shekara huɗu yana zuwa makarantar rawar bale, rawar nan ta Turawa da ake tsayuwa kan yatsun ƙafa. Ana yawan yi wa wannan dariya, amma wanda ya ga yadda mutum mai tsawon kusan mita 1.9 ke juyawa a guje ba tare da tangal-tangal ba zai rage dariyar. Da farko a tsakiya yake wasa, wajen masu kai hari, sai aka dubi tsawonsa da saurinsa aka mai da shi baya. Shi ya sa har ya yi ritaya ƙafarsa ta ɗan tsakiya ce.

West Ham ta ɗauke shi a 1992, suka taso tare da Frank Lampard a makarantar da daga baya ta fitar da Joe Cole da Michael Carrick da Jermain Defoe. Harry Redknapp ya fara saka shi a babbar ƙungiya ranar 5 ga Mayu 1996, a wasan da suka tashi 1-1 da Sheffield Wednesday, yana da shekara 17. Daga nan aka tura shi aro Bournemouth na ɗan lokaci, ya sha karo da ƙartan ’yan gaban ƙananan rukuni. A Nuwamba 1997 Glenn Hoddle ya sako shi a wasan sada zumunta da Kamaru a Wembley, ya canji Gareth Southgate. Shekararsa 19 da kwana 8, ɗan baya mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa yi wa Ingila wasa zuwa wannan lokacin.

In kana son gane abin da ya sa farashinsa ya yi ta hauhawa, sai ka san irin ’yan bayan da Ingila ta saba da su, da yadda dokokin wasan suka sauya a daidai lokacin da yake tasowa. Tony Adams, Steve Bruce, Martin Keown, duk jarumai ne. Aikinsu su ci ƙwallo a sama, su manne wa lamba tara, in abu ya rikice su doka ta cikin ’yan kallo ko su mayar wa gola ya cafke. To a 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Dokar nan guda ta tona asirin ’yan baya da yawa, don yanzu in an matsa ka, ƙafarka ce za ta fisshe ka. Kafin nan, a 1990, an sassauta dokar satar gida, ɗan gaban da yake kafaɗa da kafaɗa da ɗan baya bai yi laifi ba. Sannan daga Kofin Duniya na 1998 aka tsananta hukunci kan sharɓe mutum ta baya, ya zama abin jan kati. Duk waɗannan ɗan gaba suka yi wa gata, ga shi kuma Firimiya ta fara cika da masu gudu irin su Owen da Anelka da Henry. Sai kowane babban koci ya shiga neman ɗan baya mai gudu, mai ƙwace ƙwallo a tsaye, wanda ba ya tsoron riƙe ta. Irin wannan a Ingila ba su da yawa, balle a ce matashi ne kuma ɗan gida.

Yana da aibinsa tun a lokacin, kuma bai taɓa rabuwa da shi gaba ɗaya ba, wato sakaci. Ɗan wasan da abu ke yi wa sauƙi yakan yi barci a tsaye. Zai yi wasa lafiya lau har ana tafi, sai ya ga damar yanke ɗan gaba a bakin da’irarsa, a ƙwace a ci su. An tafi da shi Faransa a 1998 bai buga ko minti ɗaya ba, Kevin Keegan kuma ya bar shi a gida lokacin gasar ƙasashen Turai ta 2000.

Leeds ce ta fara yin kasada. A Nuwamba 2000 ta biya fam miliyan 18, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan baya ba a duniya, har mutane suka ce koci David O’Leary da shugaban ƙungiyar Peter Ridsdale sun zare. A can ya girma. A kakar farko suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai, shi da kansa ya ci ɗaya da ka a 3-0 da suka yi wa Deportivo, kafin Valencia ta cire su. A 2001 ya karɓi kyaftin daga Lucas Radebe na Afirka ta Kudu, wanda rauni ya hana sakat. Sai dai Leeds bashi take ci tana sayen ’yan wasa, bisa lissafin cewa kowace shekara za ta shiga gasar Zakarun Turai ta biya. Ta ƙare ta huɗu a 2001 lokacin da uku ake ɗauka, ta ƙare ta biyar a 2002 lokacin da aka koma ɗaukar huɗu. Dole ta sayar, kuma Ferdinand ne kadara mafi tsada a gidan. Ribar da ta ci a kansa bai hana ta faɗuwa daga Firimiya a 2004 ba.

Kafin cinikin ya faɗa sai ga Kofin Duniya na Japan da Koriya ta Kudu, kuma a ganina a wata gudan nan ya buga mafi kyawun wasan da ya yi wa ƙasarsa. Shi da Sol Campbell suka tsaya a tsakiyar baya. A Sapporo Ingila ta ci Ajantina 1-0 da fenaretin Beckham, Batistuta da Crespo da ya canje shi ba wanda ya sami ƙofa. Ranar 12 ga Yuni a Osaka suka tashi canjaras ba ci da Najeriya, wasan da aka kalla a gida da safe, ranar da Vincent Enyeama ya fara tsare raga a Kofin Duniya, Aghahowa kuma a gaba. Sai Denmark da suka ci 3-0, ƙwallon farko shi aka rubuta wa, kodayake gola Sorensen ne ya ƙarasa ta cikin raga. Barazil ta cire su 2-1 da bugun tazarar nan na Ronaldinho. Wasa biyar, ƙwallo uku kacal ta shiga ragar Ingila.

United kuwa tana cikin matsala a baya. Kocinta Alex Ferguson ya sayar da Jaap Stam ga Lazio a 2001, ya kawo Laurent Blanc yana da shekara 35, aka zura musu ƙwallo 45 a kakar, suka ƙare na uku. A Yuli 2002 ya biya kusan fam miliyan 30, Ferdinand ya sake zama ɗan baya mafi tsada a duniya, ya ƙwace matsayin daga Lilian Thuram. A kakarsa ta farko ƙwallayen da aka ci United suka sauko zuwa 34, mafi ƙaranci a gasar, suka ɗauki kofi. Ban ce shi kaɗai ya yi ba, ya ma yi jinya a kakar, kuma magoya baya da yawa ba su gamsu da shi ba tukuna.

Yanzu maganar ƙwaya, kuma a nan a kula da harshe. Ba a taɓa kama shi da ƙwaya ba. Abin da ya faru shi ne, ranar 23 ga Satumba 2003 masu gwaji suka zo filin atisayen United da ke Carrington, sunansa na cikin waɗanda aka zaɓa. Da aka tashi atisaye sai ya shiga mota ya tafi cikin gari, har aka ɗauki hotonsa yana sayayya. Ya ce mantawa ya yi, yana cikin hidimar sauya gida. Da ya tuntuɓi ƙungiya masu gwajin sun riga sun tafi. Bayan kwana biyu aka gwada shi ba a sami komai ba. Amma doka ba ta duban wannan, kuma tana da hujja: in har rashin zuwa gwaji ya fi kamawa sauƙin hukunci, duk mai abu a jiki sai ya riƙa mantuwa. A Disamba aka yanke masa dakatarwar wata 8 da tarar fam dubu 50, ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba.

An yi rikici sosai. Tun kafin a zauna shari’ar hukumar ƙwallon Ingila ta cire shi daga wasan neman gurbi da Turkiyya, har ’yan wasan Ingila, Gary Neville a gaba, suka yi barazanar ƙin tafiya Istanbul. Masu kare shi suka kawo misalin Christian Negouai na Manchester City, wanda shi ma bai je gwaji ba aka ci shi tarar fam dubu 2 kawai ba dakatarwa. Ni dai ra’ayina, ya cancanci hukunci, don ɗan wasan da ke ɗaukar irin wannan albashi ba shi da uzurin mantuwa, sai dai sunansa ya ƙara wa hukuncin nauyi. Kuma sakacin nan ne dai na cikin fili ya biyo shi waje. Ya biya da tsada. United na saman teburi a makon da ya buga wasansa na ƙarshe a gidan Wolves a Janairu 2004, ta ƙare ta uku, maki 15 tsakaninta da Arsenal da ba a doke ta ba a kakar. Ya rasa gasar Turai ta 2004 a Fotugal, ya kuma rasa wasan ƙarshe na kofin FA da United ta ci Millwall 3-0. Wannan kofin bai taɓa ɗauka ba har ya bar ƙwallo: Arsenal ta doke su da fenareti a 2005, Drogba ya ci su a sabon Wembley a 2007.

Ya dawo a Satumba 2004 a wasan Liverpool. A 2005 ya ja ƙafa wajen sa hannu a sabon kwantiragi, aka kuma gan shi a gidan cin abinci da Peter Kenyon, shugaban gudanarwar Chelsea a lokacin, magoya bayan United suka riƙa yi masa ihu, suna ganin ƙungiyar da ta tsaya masa wata takwas ba ta cancanci haka ba. Ya sa hannu, kuma ƙwallon da ya ci Liverpool da ka a minti na ƙarshe a Janairu 2006 ta wanke masa da yawa.

A watan nan na Janairu 2006 Nemanja Vidic ya zo daga Spartak Mosko kan kusan fam miliyan 7, Evra ya zo daga Monaco, Van der Sar kuma ya riga su da wata shida. Daga nan aka sami Ferdinand ɗin da manyan gidan kallonku ke magana a kai. Ga yadda rabon aikin yake. Vidic a hagu, Ferdinand a dama. In golan abokan hamayya ya doka doguwa zuwa kan irin su Drogba, Vidic ne zai fita ya yi karo. A daidai lokacin da ya daka tsalle, Ferdinand ya riga ya ja baya taku huɗu ko biyar ta bayansa, don in ƙwallo ta goga kai ta wuce, shi za ta fara samu. Ba ya jiran ya ga sakamakon karon kafin ya motsa. Wannan ne ya ba Vidic ’yancin ya shiga da dukkan ƙarfinsa, ya san ko ya kuskure akwai mai rufa masa asiri.

In kuma ɗan gaba ya taho masa da ƙwallo a ƙafa, dubi tsayuwarsa. Ba ya fuskantarsa da ƙirji, ƙafafu a jere, don mai irin wannan tsayuwar kafin ya juya an wuce shi. A karkace yake tsayawa, kafaɗa ɗaya na kallon ragarsa, yana ja da baya a hankali, ya toshe hanyar ciki ya bar ta gefe a buɗe, kamar yadda makiyayi ke karkatar da saniya daga gona ta hanyar tsayawa a ɓangaren da ba ya so ta bi. Ɗan gaba zai bi gefen da aka bar masa, kwana ta ƙuntace, kafin nan Carrick ko Hargreaves ya dawo, sai a zama biyu kan ɗaya. Sai ƙwallo ta ɗan yi nisa da ƙafar mai ita sannan ya miƙa doguwar ƙafarsa ya zare ta. Kuma da yake ba a cika tsere masa ba, layin bayan United na iya matsowa har kusa da tsakiyar fili. Amfanin wannan a gaba yake fitowa: Ronaldo da Rooney da Tevez suna karɓar ƙwallo kusa da ragar abokan hamayya, ba sai sun sauko nemanta ba. A kakar 2007/08 ƙwallo 22 kawai aka ci United a wasa 38.

Za ka ji masu cewa inuwar Vidic ya sha. Ka tura su wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai da Barcelona a Afrilu 2008. Vidic bai buga ko ɗaya daga cikin wasannin biyu ba, Wes Brown ne ya shigo tsakiya, Hargreaves ɗan tsakiya ya riƙe lamba biyu. A ɗaya ɓangaren ga Messi, ga Eto’o, ga Xavi da Iniesta da Deco, Henry na shigowa daga benci. Minti 180 ba su ci ko ɗaya ba, 0-0 a Camp Nou, 1-0 a Old Trafford da dukan nan na Scholes. In ka sami cikakken wasa na biyun, ka bar ƙwallo ka zuba wa lamba biyar, wato Ferdinand, ido na minti 20. Za ka ga hannunsa bai daina nuni ba, bakinsa bai daina magana ba, yana jan Brown nan, yana tura Evra can, yana ɗaga layi da sauke shi. Amma a yi adalci, a kakar da ta biyo baya, lokacin da Van der Sar ya yi wasa 14 a jere ba a ci shi ba, ciwon baya ya hana Ferdinand wasu daga ciki, Jonny Evans ne ya tsaya da Vidic. Kowannensu ya iya tsayuwa ba ɗan’uwansa.

Akwai wani wasa a kakar 2008 da nake son tunawa don abin dariyarsa. A watan Maris, kofin FA, da Portsmouth a Old Trafford. Van der Sar ya fita da rauni a hutun rabin lokaci, Kuszczak da ya canje shi ya kayar da Milan Baros, aka ba shi jan kati da fenareti. Ba sauran gola. Ferdinand ya karɓi riga da safar hannu ya shiga raga, Sulley Muntari na Gana ya ajiye ƙwallo. Ya faɗa ɓangaren da ya dace, amma ƙwallon ta fi ƙarfinsa. Haka Portsmouth ta wuce, har Kanu ya ci mata kofin a wasan ƙarshe da Cardiff. Da ba don wannan ranar ba, da wataƙila kofi uku United ta haɗa a kakar.

Ranar 21 ga Mayu 2008 a Mosko shi ya ɗaura ƙyallen kyaftin, don Neville na jinya, Giggs kuma daga benci ya fara. Ronaldo ya ci, Lampard ya farke, aka kori Drogba saboda marin Vidic, Terry ya zame a cikin ruwan sama, Van der Sar ya tare bugun Anelka. Shi da Giggs suka ɗaga kofin tare.

Daga ƙarshen 2008 bayansa ya fara ciwo, kuma ga ɗan wasan da ya dogara da juyawa da gudu, ba ciwon da ya fi wannan muni. A Roma a 2009 Messi, da duk gajartarsa, ya zame ta bayansa ya ci da ka daga bugun Xavi. A Satumba na shekarar, a wasan hamayya da City, United na gaba 3-2 ana dab da tashi, sai ya ga damar ɗaga ƙwallo ta saman Martin Petrov maimakon ya kore ta. Aka ƙwace, Bellamy ya fizga da ita tun daga tsakiyar fili, Ferdinand ya bi shi bai cim masa ba, 3-3. Owen ne ya cece shi a minti na 96. Wata guda bayan nan Torres ya ture shi da kafaɗa a Anfield ya ci. Masu sharhi suka fara cewa ya ƙare.

Bai ƙare ba, salo ya sauya. Ya rage fita nesa da da’ira, ya daina shiga tseren da ya san ba zai ci ba, aka tsara masa atisaye na musamman da hutu tsakanin wasanni. Ya ɗauki Firimiya a 2011, ya sake ɗauka a 2013 yana da shekara 34, har ’yan wasa ’yan’uwansa suka zaɓe shi cikin gwarazan kakar, karo na shida ke nan. Ranar 12 ga Mayu 2013, wasan Ferguson na ƙarshe a Old Trafford, shi ya ci Swansea ƙwallon nasara a minti na 87. Jimilla ya yi wa United wasa 455 cikin shekara 12, ya ci 8, ya ɗauki Firimiya shida, Zakarun Turai ɗaya, kofin duniya na ƙungiyoyi ɗaya. Raba fam miliyan 30 gida 12 ka gani. Liverpool ta biya miliyan 75 kan Van Dijk a 2018, United ta biya miliyan 80 kan Maguire a 2019.

Da rigar Ingila ne labarin bai cika ba. Wasa 81, ƙwallo 3, amma bai taɓa buga ko wasa ɗaya a gasar ƙasashen Turai ba: an bar shi a 2000, yana dakace a 2004, Ingila ba ta samu gurbi ba a 2008. A Fabrairu 2010 Fabio Capello ya karɓe kyaftin daga Terry ya ba shi, sai ga tsautsayi, a atisaye a Rustenburg ta Afirka ta Kudu ya yi karo da Emile Heskey ya ji ciwo a gwiwa, kwanaki kaɗan kafin a fara Kofin Duniya. Gerrard ya ja tawagar. A Oktoba 2011 aka zargi Terry da furta kalmar wariyar launin fata ga Anton, ƙanen Rio, a wasan QPR da Chelsea. Kotu ta wanke Terry a Yuli 2012, amma kwamitin hukumar ƙwallon Ingila ya same shi da laifi, ya dakatar da shi wasa huɗu da tarar fam dubu 220. Ana tsakiyar wannan Roy Hodgson ya tafi gasar Turai ta 2012 da Terry ya bar Ferdinand, ya ce dalilin ƙwallo ne kawai. Mutane da yawa ba su yarda ba, ni ma ina cikinsu. Shi ma Rio an ci shi tarar fam dubu 45 kan wani saƙo da ya yi a Twitter game da Ashley Cole, wanda ya ba da shaida a ɓangaren Terry. A Mayu 2013 ya ajiye rigar ƙasa.

Ƙarshen bai yi daɗi ba. Kakar David Moyes United ta ƙare ta bakwai, ba a sabunta masa kwantiragi ba. Ya koma wajen Redknapp a QPR, ya buga wasa 11 a Firimiya, ƙungiyar ta faɗi. A watan Mayu 2015 matarsa ta rasu sakamakon ciwon daji, a ƙarshen watan ya yi ritaya, ya koma sharhi a talabijin.

Saura Terry, don na san nan gardamar gidan kallo ke ƙarewa. Terry ya fi shi a sama, ya fi shi cikin da’ira, ya fi shi cin ƙwallo nesa ba kusa ba: 41 a Firimiya, ba ɗan bayan da ya kai shi. Ya iya ba da ƙwallo da ƙafa biyu, abin da ba a cika yaba masa ba. Chelsea ɗinsa ta 2004/05 ƙwallo 15 kawai aka ci ta, tarihin da har yau yana nan. Amma dubi yadda aka gina ta: Mourinho ya ajiye layin baya kusa da raga, Makelele na gabansu, Ricardo Carvalho na gefensa yana yi masa irin aikin da Ferdinand ke yi wa Vidic. Da Villas-Boas ya zo a 2011 ya tura layin gaba, sai fili ya buɗe a bayan Terry, ka tuna 5-3 da Arsenal ta yi musu a Stamford Bridge. In ƙungiyata za ta zauna a baya ta jira, Terry zan ɗauka ba tare da shawara ba. In kuwa za ta riƙe ƙwallo ta matsa gaba ta bar rabin fili a bayanta, yadda kusan duk manyan ƙungiyoyi ke yi yanzu, Ferdinand zan ɗauka, kuma a wannan salon ban ga Baturen Ingilan da ya kai shi ba, ko John Stones.

Ka kuma tuna waɗanda suka yi takara da su a kan gurbi biyun nan. Akwai Sol Campbell, akwai Ledley King da Jonathan Woodgate da rauni ya cinye, akwai Jamie Carragher. Shi Carragher ya ɗauki Zakarun Turai da Liverpool a 2005, amma a 2007 ya ce ya haƙura da buga wa Ingila, don muddin Terry da Ferdinand na da lafiya ba ya samun wuri a tsakiyar baya.